Rariyar da Na Kai Agadas

Ƙarfe shida da kwata na safiyar Talata motarmu ta tashi daga tashar Sakkwato da ke Gusau. Mutum biyu ne suka rako ni: babban ɗana, wanda ya ɗauko mini kaya, da maƙwabciyata Hajiya Luba. Tun da na dawo, babu ranar da wata ba ta yi sallama gidana a Tudun Wada tana tambayar yadda na baro Agadas ba. Na ba da labarin a tsaye, na ba da shi a zaune, kuma na lura kowace tana ɗaukar inda ya yi mata daɗi ta bar saura. Shi ya sa na zauna na rubuta shi bi da bi. Ni ba mai zurfin karatu ba ce. Shekara ashirin da biyu na yi ina shugabantar masu girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata, a can na saba da cewa kowane aiki yana da na farko da na biyu.

Zan fara da dalilin tafiyar. Autata Balki tana aure a Agadas, ƙasar Nijar. Mijinta Alhassan fataucin dabino yake kawo shi Gusau, a nan suka ga juna, ita ta ce tana so, muka ba shi. Wata takwas da tarewarta, a farkon kaka, ta kira ni a waya. Na tambaye ta abin da take ci. Ta ce, "Inna, ni yanzu ba ni da abinci sai wani burodi da ake yi da dusarsa." Kafin in ce ta maimaita, layi ya yanke. Washegari ta turo hoto a wayar yayanta. Na kalli wuyan yarinyar na ga ƙashi.

A gidanmu dusa ta awaki ce. Hatsi a surfa shi, a bakace, a wanke, a niƙa, a tankaɗe. Ko a makaranta, inda baki ɗari huɗu ke jiran tuwo, ban taɓa yarda an tuƙa garin da bai bi ta rariya ba. Don haka na yanke hukunci a raina cewa an rena mini ɗiya, ana ba ta abincin dabbobi. Na faɗa wa Hajiya Luba haka, ita kuma ba ta ajiye maganar ba. Na haɗa kaya, na naɗe wata babbar jaka wadda babu komai a ciki na sa a ƙasa. Ta kwaso tufafin Balki ce in ta kama mu dawo tare. A sama na ɗora sabuwar rariya.

Ranar Litinin, kafin tafiya, na je Tsafe na shiga 'Yankuzo in yi wa yayata Asabe sallama. Sun fara cire gyaɗa, ta auna mini ɓararriya tiya biyu in kai wa surukai. Ta ga rariyar da na sayo a kasuwar Tsafe ta ce, "Kulu, na san halinki. In kin isa, ki yi kwana uku kina kallo kafin ki taɓa komai a gidan mutane." Na ce na ji. Kwana ɗaya kawai na yi.

Zango na farko Bungudu. A bakin hanya muka ɗauki ƙanena Malam Sani, wanda ya fito daga Karakkai tun asuba don ya raka ni. Na ce kada ya zo da kaya mai yawa. Ya zo da zabi biyu masu rai a cikin kwando.

"Malam, na ce maka kada ka ɗauko nauyi."

"Yaya, waɗannan ba nauyi ba ne, fuka-fukai gare su."

Direba ya cusa kwandon ƙarƙashin kujerata, suka yi ta kuka har Talatar Mafara. Hanyar kun san yadda take a wannan zamani. Kowa ya riƙe carbinsa, ba a cika hira ba, sai da muka ga gidajen Sakkwato bakin mutane ya buɗe. Muka sauya mota zuwa Illela, muka yi azahar a can.

Zango na biyu iyaka. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni tafiya kaɗan ce, amma tsayuwa ta fi tafiyar yawa. An duba katin shaidarmu da na allura sau uku. Wani ma'aikaci mai furfura a ɓangaren Nijar ya sa na buɗe kaya. Ya ga gyaɗa ya wuce. Ya ɗaga rariyar ya leƙa ni ta cikinta.

"Hajiya, an gaya miki babu wagga a ƙasarmu?"

"Ban sani ba tukuna. Abin da zan je in gano ke nan."

Ya yi dariya ya mayar mini. Yana cikin haka Malam Sani ya buɗe kwando don ya nuna abin da ke ciki, zabuwa ɗaya ta fice. Ta bi ta ƙarƙashin igiyar shinge ta nufi Najeriya. Malam ya tattare riga zai bi ta, ma'aikacin ya ce ai an riga an buga masa hatimin shigowa. Masu babura suka kewaye ta, ta tashi ta hau rufin wani shago. A can muka bar ta.

A Ƙonni na fara ganin abin da ba irin namu ba. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya ƙarama, bayansa da tauri, kuma ba a sa shi a leda. Mutum ya saya ya saƙale a hammata ya hau babur. Na ce wa Malam Sani mutanen da ke ɗaukar abinci a hammata za su iya ba mutum dusa. Ya ce in bari mu isa.

Zango na uku Tawa, inda muka kwana. Mun shiga gab da magariba. Babbar motar Agadas sai da asuba take tashi, kuma kamfanin yana da rumfa inda fasinjoji ke kwana, maza gefe, mata gefe, kowa da tabarma. Wurin da tsabta, ban ga abin kushewa ba, sai dai butoci biyu ne kawai a ɓangaren mata. Na tsara matan, na ce masu yara su fara, sai tsofaffi, sai saura. Wata ta tambaye ni ko ni ma'aikaciyar kamfanin ce. Abincin da muka samu shinkafa da wake ne da mai da yaji, kamar namu, amma an zuba masa dafaffiyar taliya a kai. Malam Sani ya cinye nasa ya ƙarasa nawa.

Zango na huɗu shi ne mafi tsawo. Bayan Abalak kwalta ta zama in an gan ta a nan, sai an yi nisa a sake ganinta. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ba ni wani abu fari, busasshe, mai faɗin tafin hannu. Na ɗauka sabulu ne na sa a jaka. Ta ce cuku ne na nonon akuya, a ci. Na gutsura don kada ta ji kunya, haƙorina na gefe ya yi kwana biyu yana tuna mini da ita. Ƙarfe biyar da rabi na yammacin Laraba muka shiga Agadas.

Alhassan ya tarbe mu a tasha. Da ya hango ni sai ya ja rawaninsa ya rufe baki da hanci, idanu kawai suka rage. A wurinmu suruki takalmi yake cirewa ya durƙusa. Na ce a raina wannan ya san abin da ya yi, shi ya sa yake ɓoye fuska. Daga baya na gane girmamawarsu ke nan, namiji ba ya barin bakinsa a buɗe gaban uwar matarsa.

Gidan na ƙasa ne, mai faɗin tsakar gida, da awaki huɗu a ɗaure a kusurwa da tanderun yumɓu kusa da madafi. Uwar Alhassan, Hajiya Fatimata, doguwa ce, ba ta da yawan magana, Hausarta tana fita a hankali. Ta riƙe hannuna ta daɗe tana gaisuwa. Sai Balki ta fito. Ta fi hoton ramewa. Ta rungume ni, na ji ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna. Na tambaye ta ko lafiya, ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. Aka kawo shayi a 'yan kofuna kamar murfin kwalba, sau uku, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Aka yanka zabuwar da ta rage. Kowa ya ci, ban da Balki. Da ƙanshin miyar ya iso ta tashi ta shige ɗaki. Na rubuta wannan ma a raina: ba ta zama cin nama da su.

Da safe aka kawo burodin. Baƙi-baƙi ne, mai nauyi kamar bulo, an yanka shi da kauri. A jikinsa ga gutsattsarin dabino da zabibi, ga kuma dusa ƙuru-ƙuru, ko ɓoye ta ba a yi ba. Aka ajiye wa Balki yanka biyu, aka ajiye mini ɗaya. Na ce cikina bai daidaita daga hanya ba, aka kai wa Malam Sani nawa. Malam Sani ya aiko daga zaure yana tambaya ko akwai ƙari.

Da hantsi aka dawo da garin alkama daga inji, kwarya babba guda. Hajiya Fatimata ta ce sabon dabino ya iso daga lambunsu na cikin duwatsu, yau za a yi babban gashi, kuma alkamar da ta rage a gidan ke nan sai motar lambu ta sake zuwa bayan mako guda. Sai aka yi rasuwa a maƙwabta, ta fita ta'aziyya. Balki ta kwanta. Gida ya rage daga ni sai awaki.

Na ɗauko rariyata. Na shimfiɗa tabarma mai tsabta, na tankaɗe garin gaba ɗaya, na sake tankaɗewa. Ya fito fari, mai laushi, irin wanda zan iya nuna wa kowace shugabar makaranta. Dusar ta kusa cika ƙaramar roba. Na kai wa awaki, suka cinye ina tsaye. Na rufe garin da faifai, na zauna ina jiran a dawo a ga yadda ake yi.

Hajiya Fatimata ta dawo ta ɗaga faifan. Ta sa yatsu cikin garin ta murza. Ta dubi robar da ke gaban awaki, ta dube ni.

"Hajiya Kulu, wa ya yi wanga aiki?"

"Ni na yi. A garinmu mutum ba ya cin dusa. Ɗiyata ba akuya ba ce."

Na shirya wa faɗa, har na tsara abin da zan faɗa na biyu da na uku. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Haihuwa nawa kika yi?"

"Bakwai."

"Bakwai. Kuma tun jiya kina kallon burodi, ba ki kalli ɗiyarki ba."

Ta ce wata biyu ke nan babu abin da ke zama a cikin Balki. Shinkafa ta dawo, tuwo ya dawo, nama ko ƙanshinsa ba ta so. Farin burodin kasuwa ya fi komai tayar mata da zuciya. Sun je asibiti, an ce laulayi ne, ta ci duk abin da ya karɓe ta. Abu ɗaya ya karɓe ta, wannan burodin, wanda Hajiya Fatimata ta koya wurin kakarta kuma a da sau ɗaya take yin sa a shekara, lokacin sabon dabino. Yanzu duk kwana uku take hura tanderu saboda Balki. Yanka biyun da aka ba ta da safe su ne na ƙarshe, ɗayan kuma da aka ajiye mini daga rabonta aka cire don a girmama baƙuwa.

Na tashi na shiga ɗakin. Balki tana kwance, ga ƙaramin gwangwani da yashi a gefen gado don tofar da yawu. Na ga gwangwanin nan tun jiya ban tambayi kaina na mene ne ba. Na ɗaga hannunta na ga yadda ya yi haske.

"Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Haba Inna. Da wane bakin?"

Gaskiyarta. Ni ma cikin fari ban gaya wa uwata ba, sai da zane ya gaya mata. Ni na koya wa yarinyar nan kunya, kuma ta riƙe.

Na fito na tambayi Hajiya Fatimata abin yi. Ta ce alkamar kasuwa ta daɗe a buhu, Balki tana jin warinta, sai dai a nemi ta lambu a wurin dangi. Muka ɗauki kwarya muka fita. Gida biyar muka shiga. A kowane gida sai ta ce, "Baƙuwata ce daga Najeriya, ta taya ni aiki, gari ya ƙare." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Wata ta ba da kofi biyu, wata uku, har kwaryar ta kai rabi. Muka je inji muka tarar babu wuta. Akwai dutsen niƙa a bayan madafi. Ta ce a kira mai aiki, na ce a'a, wanda ya ɓata shi zai gyara. Rabona da dutsen niƙa tun ina budurwa a 'Yankuzo. Daga bayan azahar har la'asar ina durƙushe. Malam Sani ya leƙo daga zaure ya ce, "Yaya, in kawo miki rariyar?" Na ci gaba da niƙa.

Ga yadda aka yi burodin, don masu tambaya. Da farko an tsince alkamar an share ta da tsumma, ba surfe, ba tankaɗe. Na biyu, an cire ƙwallon dabino an yayyanka, an jiƙa shi da zabibi a ruwan ɗumi, kuma da ruwan jiƙon ake kwaɓi, shi ne zaƙinsa, ba a sa sukari. Na uku, akwai guntun tsohon kwaɓi da take ajiyewa daga gashin da ya wuce, kamar yadda muke rage ƙullun masa, shi ake damawa a ciki ya tayar da sabon. Sai gishiri, da man shanu cokali uku, da ɗan garin kirfa. Takan sa wata ƙwaya mai kama da gyaɗa da ake kawowa daga arewa, amma ta ƙare. Na ce ga gyaɗar Tsafe. Ta ce ba ta san ko cikin Balki zai karɓa ba. Muka raba kwaɓin biyu, rabi da gyaɗa, rabi babu. Na soya gyaɗar a yashi can bayan gida don kada ƙanshin ya isa ɗaki, na murje, na daddaka sama-sama.

Kwaɓin yana da danƙo da nauyi, ba ya tashi da sauri irin na fulawa. Aka rufe shi ya kwana. Da sassafe ranar Juma'a ta hura tanderu, ta bari wutar ta mutu, ta kwashe garwashin gefe, ta jera curi huɗu a faranti ta toshe bakin. Ba ta duba agogo. Ni na duba: minti hamsin da biyar. Ta fito da su ta ƙwanƙwasa ƙasan kowanne da yatsa tana saurare. Na miƙa hannu zan yanka, ta riƙe wuƙar ta ce sai ya huce, in an yanka da zafi cikinsa caɓewa yake yi.

Ƙarfe goma saura kwata aka kai wa Balki yanka biyu, ɗaya mai gyaɗa, ɗaya babu. Tun jiya da safe ba ta sa komai a ciki ba sai ruwa. Ni da Hajiya Fatimata muka zauna a bakin ƙofa kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Ta shinshina na farko ta ajiye. Ta ɗauki mai gyaɗar ta gutsura, ta tauna a hankali, ta sake gutsura.

"Wannan gyaɗar Inna Asabe ce," in ji ta.

Ta cinye. Muka jira rabin awa, muka jira awa ɗaya. Bai dawo ba. Ta ce a ƙaro. Hajiya Fatimata ta yanko biyu, ta ba ta ɗaya, ta miƙo mini ɗaya ba tare da ta kalle ni ba. Na ci. Yana da ɗan tsami, da zaƙin dabino, kuma sai an tauna shi da gaske. Yanka ɗaya ya riƙe ni har la'asar. Ba zan ce ya fi tuwon dawa ba, amma abinci ne na mutane.

Kwana tara na yi a gidan. Na ga ana dama mata fura da cuku da dabino tana kurɓa kaɗan-kaɗan. Na ga Alhassan yana cire takalmi a ƙofar ɗaki in tana barci don kada ya tashe ta. Kafin in taho wuyanta ya fara cikowa. Ranar da nake haɗa kaya Balki ta ga babbar jakar da na naɗe ta tambaye ni ta mece ce. Na ce ta tsaraba ce. Hajiya Fatimata tana wurin, kuma na tabbata ta gane, amma sai ta karɓi jakar ta cika ta da dabino da cuku da burodi curi biyu, ta sa guntun tsohon kwaɓi a kwalba ta ce in riƙa ba shi gari da ruwa a hanya. Rariyar na bar mata. Da ita take rufe burodin saboda ƙuda.

A dawowa ba abin da ya faru sai a iyaka, inda ma'aikacin nan mai furfura ya gane ni ya tambayi rariya. Na ce na tarar suna da tasu. Malam Sani ya tsaya yana duban rufin shagon nan har direba ya yi masa hon.

Na gwada burodin a gida sau uku, a tukunya da yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi, yadda muke gasa kek. Na farko ya ƙone a ƙasa. Na biyu bai tashi ba. Na uku ya yi. Mai injin unguwarmu sai da ya tambaye ni sau biyu ko na manta ban surfa alkamar ba.

Yanzu ga roƙona. Kafin in tafi na faɗi magana a kan mutanen da ban sani ba, kuma na samu labarin ta kai har Bungudu. Hajiya Luba ta riga ta ji daga bakina. Ke da kike karanta wannan, in kin taɓa gaya wa wata cewa surukan Balki suna ba ta abincin awaki, ki koma wurin wannan matar da ƙafarki ki gaya mata Kulu ce ta yi kuskure, kuma ki sa Balki a addu'a Allah ya sauke ta lafiya. Wadda ta yi haka, ta zo gidana ranar Asabar ƙarfe goma na safe da alkama tiya ɗaya, zan nuna mata yadda ake yi. Ta bar rariyarta a gida.